Hanukope: An Ɗaure Kaya, An Rufe Ƙofa, Wa Aka Bar Wa Kyanwa?

A wannan wata ba za mu kai ku nesa ba. Za mu tsaya nan cikin Lome, a unguwar Hanukope, mu yi magana a kan wata 'yar gida wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba ran da ake ɗaure kayan tafiya, wato kyanwa, ko mage, ko mussa, kowa da yadda aka saba faɗi a garinsu. Mun san wani zai ce shafin Hausa ya rasa abin faɗi ne, duk matsalolin da ke damun Zango sai maganar kyanwa? To, a yi mana haƙuri a biyo mu, magana ce ta rai, kuma magana ce ta amana.

Wanda bai san unguwar ba, ga kwatance. In ka taso daga bakin teku, ka bar babbar kasuwa ta Adawlato a bayanka, ka miƙe arewa, za ka tarar da babban titin nan da ya yi wa tsohon gari ƙawanya, wanda ake kira Bulbar 13 ga Janairu. Da ka tsallaka shi ta wajen layin dogo, ka shigo Hanukope. Ka ƙara gaba kaɗan sai ga tafkin Lome a kwance, bayansa kuma ƙasa ta hau tudun Tokoin. Wato dai unguwa ce a cikin kwari, tsakanin titi da ruwa. Ƙasarta rairayi ce, ruwa kuwa ba shi da nisa, mai haƙa rijiya ba ya shan wahala. Kalmar "kope" da harshen Ewe ƙauye ce ko tunga, shi ya sa za ka ji Kodjoviakope, da Togblekope, da Adetikope. Amma Hanukope ta daɗe da barin ƙauye. Tun a shekarun 1920, zamanin Faransawa, aka yanka filayenta, kuma har yau in ka tsaya a bakin layi za ka ga yadda ya miƙe sambal.

Layin dogon da muka ambata aikin Jamusawa ne, su da suka mai da Lome hedkwatarsu a 1897. Sun shimfiɗa na Aneho a 1905, na Kpalime a 1907, sa'an nan na arewa wanda ya nufi Atakpame, daga baya Faransawa suka ƙarasa shi har Blitta. Jirgin fasinja ya daɗe da tsayawa, amma kasuwa ba ta tashi ba. A gefen ƙarafunan nan mata suke kasa ayaba da abarba da lemo da fiya, da doya da tumatir, yawanci daga wajen Kpalime da sauran garuruwan tudu. Ka zo da sassafe ka ga ana sauke kaya, ka dawo da magariba ka ga abin da aka bari: ɓawo, da ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, da ganyen da aka yi shimfiɗa da shi. Inda kuwa aka haɗa kasuwa da sito da ruwa kwance, ba sai an gaya maka wa ke sarauta da dare ba. Ɓera ne, da gafiya, da jaɓa. Saboda haka kyanwa a Hanukope ba kayan ado ba ce. Ma'aikaciya ce. Mai buhun shinkafa ya san amfaninta, mai dilar atamfa ya sani, malamin da ya ajiye littattafai a adaka shi ma ya sani.

Dattawanmu suna tuna tsohon Zango, wanda yake nan cikin gari, ba nisa da inda muke magana. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kai jama'a can arewa wajen Togblekope, kimanin kilomita 15, inda yau muke kira Agoe-Zango. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin mutanenmu a wancan zamani, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zangon Lome, aka buga shi a 1983. Ba kowa ne ya bi zuwa sabon wuri ba. Waɗansu sun kama haya a unguwannin kusa don kada su yi nisa da kasuwa, kuma zuriyarsu da baƙin da suka sauka a wurinsu su ne muke gaisawa da su yau a Hanukope.

Sunan Zango kansa ya faɗi halinmu. Masauki ne na fatake. Mu mutanen hanya ne, gidan da ba shi da wani a kan tafiya kaɗan ne. Wannan ya tafi Sokode ta'aziyya, wancan ya haura Kara da Dapango har Sinkase bin bashi, wata ta tsallaka Aflawo za ta Ankara ta Gana ko Kumasi biki, wani ya bi ta Kwatano da Ikko za shi Kano sarin kaya, wani kuma Yamai ko Maraɗi ganin gida. Ga masu Maulidin Kaulaha, ga alhazai da ke tashi daga filin jirgin Tokoin su yi wata guda ko fiye. Kowa cikinsu yana barin sallahu: a biya kuɗin wuta, a kai yaro makaranta, a kula da tunkiya. Tunkiya kam ba a mantawa da ita, don kuɗi ce. Kyanwa ita ce ake tunawa da ita bayan mota ta wuce Tsevie.

Sai mu duba irin gidajenmu. Yawanci gidan haya ne, ɗakuna a jere, rufin kwano, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, magidanta biyar ko goma, wani Bahaushe, wani Bazabarme, wani Kotokoli, wani Ewe, wani Bayarabe. Kyanwa ta mutum ɗaya ce a suna, amma tana lasar kwanon kowa. Wannan rahama ce, kuma a cikinta tarko yake. Ran da mai ita ya yi tafiya, kowa yana zaton wani ya ba ta. Matar ɗakin farko ta ce ai ta ɗakin ƙarshe tana ba ta, ta ɗakin ƙarshe ta ce ai yara suna zuba mata. A haka sai a kwana uku ba wanda ya sa mata ko ruwa.

Amma wannan mai sauƙi ne a kan ɗayan, wato a kulle ta a ɗaki. Masu yin haka ba mugaye ba ne, sau da yawa ma su ne masu son ta. Wani yana tsoron kada a sace ta, wani kada babur ya take ta, wani kuma so yake ta yi masa gadin kaya daga ɓera har ya dawo. Sai ya cika kwano da tuwo da kifi, ya cika wani da ruwa, ya ja taga, ya datse kwaɗo, ya ce ai kwana biyu ne. To, bari mu shiga ɗakin nan mu gani. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Lome a inuwa yakan kai awo 32 ko fiye, ga gumi, balle ɗakin kwano da aka rufe ruf. Tuwo da kifin nan ba su kwana biyu, sun yi tsami, tururuwa da kyankyaso sun rufe su. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa kusan rabin ledar fiyawota a kowace rana, in an haɗa da wanda ke cikin abincinta. Kwano ɗaya ne aka bar mata, in ta taka shi ya kife a daren farko, shi ke nan. Likitocin dabbobi sun ce jikin kyanwa ba kamar na kare ba ne wajen jure yunwa. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta, har ko an kawo abincin daga baya ta kasa ci. Muzuru kuma yana da nasa ciwon, fitsari yakan toshe masa, kuma ƙarancin ruwa yana taimaka wa hakan. In ba a gani an kai shi likita ba, cikin kwana 2 ko 3 ya mutu. Shi ya sa shawararsu ita ce kada kyanwa ta wuce yini da kwana ba wanda ya leƙa ta.

Akwai kuma al'adar nan tamu ta fesa fiya-fiya ko maganin kyankyaso a ɗaki kafin a kulle, ko a barbaɗa maganin ɓera a kusurwa. Mutum ba zai iya kwana cikin wannan iska ba, ina ga dabbar da hancinta yake dab da ƙasa, kuma take lashe jikinta sau goma a yini? Ɓeran da ya ci guba kuwa shi ne ya fi saukin kamu, don ya riga ya galabaita. Ga damina. Lome tana da biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, kuma duk wanda ya zauna kusa da tafki ya san yadda ruwa yake shiga ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.

Malamanmu sun sha karanta mana hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, a kan matar da aka yi wa azabar wuta saboda kyanwa. Abin da ta yi shi ne ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta ci da sha ba, ba ta kuma sake ta ta je ta nema da kanta ba. Mu dai ba malamai ba ne, amma a ganinmu hadisin ya buɗe ƙofa biyu ne: ko ka ciyar, ko ka saki. Kwaɗon nan da ake datsewa yana rufe duka biyun a lokaci guda. Kuma a lura, ba a ce matar ta doke ta ko ta yanka ta ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu mu mutanen Zango. Wannan "kwana biyu" da muke faɗi, wa ya taɓa riƙe shi a hannu? A Yulin 2008 ruwa ya karya gadar Amakpape, tsakanin Tsevie da Notse, a kan babbar hanyar arewa, motoci suka yi cirko-cirko, sai da aka riƙa zagayawa ta Kpalime. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. A Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, an rufe iyakokin Togo, an kuma killace Lome da Tsevie da Kpalime da Sokode, wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Iyakokin ƙasa ba a buɗe su ba sai Mayun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, matafiya suka koma shiga kwalekwale, manyan motoci suka koma bin Burkina. Manya kuwa ba su manta farkon 1993 ba, lokacin da dubban ɗaruruwan mutanen Lome suka tsallaka Gana da Benin, kowa yana cewa 'yan kwanaki ne ƙura ta lafa. Ko ba wannan duka, mu bar maganar gwamnatoci. Wa bai taɓa zuwa ta'aziyya da niyyar sadakar uku ba, dangi suka riƙe shi har ta bakwai? Wa bai taɓa kwana a hanya saboda mota ta lalace, ko duwan sun riƙe kaya, ko zazzaɓi ya kama shi a garin mutane ba?

Irin haka muka gani a wani gida kusa da layin dogo. Wani magidanci, iyalinsa suna can gida, ya tafi Sokode rasuwa, ya kulle kyanwarsa a ɗaki don ta tsare masa kaya. A rana ta huɗu kuka ya ishi mutanen gida, a ta biyar kukan ya fara yin ƙasa, wanda shi ne ya fi tayar da hankali. Kowa ya ji, amma ba mai taɓa ƙofa. Kada ku yi saurin zarginsu. A gidan haya fasa kwaɗon wani ba ƙaramin abu ba ne. In mai ɗaki ya dawo ya ce kuɗinsa sun ɓata, wa zai biya? Balle mu da muke baƙi a idon waɗansu, ba mai son sunansa ya je ofishin 'yan sanda. An kira wayarsa ba ta shiga. Mai gidan yana wata unguwa. Sai wata dattijuwa, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta aika aka kira liman da mutum biyu su tsaya shaida, ta dubi wani saurayi ta ce, "Ɗana, zare mini gilashin tagar nan guda biyu. In mai ɗaki ya zo, ni zan amsa." Yaron ya ce, "Hajiya, kada a ce mun shiga." Ta ce, "Ba mai shiga. Ita za ta fito." Ba ta iya fitowa da kanta ba, sai da aka zura kwando da igiya da ɗan kifi a ciki. Ta rayu, amma ta yi mako tana tangaɗi. Mai ɗaki ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya.

To, a sake ta kenan a tafi? Shi ma da sauran magana. Kyanwar da ta saba cin na gida, in aka wayi gari ƙofa a rufe, ba kwano, za ta fara nisa da gida, ta bi bola da bayan kasuwa, ta tsallaka titi cikin zemijan. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗi a fili ba. A kudancin Togo da yankin Volta na Gana akwai masu cin naman kyanwa, a Gana har laƙabi ake masa da "Joseph". Ba zagi muke ba, kowa da abincin gidansu. Mu ma in muna cin soyayyar fara maƙwabta kallonmu suke da mamaki. Kuma mafi yawan maƙwabtanmu ba za su taɓa kyanwar da suka san mai ita ba. Amma wadda take yawo dare da rana, ba mai kiranta, ba mai nemanta, ta zama kamar kuɗin da ya faɗi a hanya. Ɗan ƙyalle mai roba a wuya, wanda zai zame in ya maƙale, yakan nuna cewa tana da gida.

A yawon nan ne kuma take gamuwa da karnuka da kyanwoyin bola. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasar nan, kuma kyanwa tana ɗaukarsa, tana ba mutum ta cizo ko yaƙushi. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, ba magani. Allurar rigakafinsa tana wurin likitocin dabbobi, har an ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara a duniya don tunatarwa. Wanda zai bar wa maƙwabci dabba, gida cike da yara, ya kamata ya bar ta da allurarta. In kuwa aka ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa toka.

Masu dogon zango, alhazai musamman, su dubi cikin kyanwarsu kafin su tashi. Cikinta kwana 63 ne zuwa 65, wata biyu da 'yan kwanaki. Kana iya barinta ba ka lura ba, ka dawo ka tarar da 'ya'ya biyar. Kuma ba ta shawara da kowa wajen zaɓen ɗakin haihuwa: bayan buhu a sito, cikin kwali a shago, ƙarƙashin gado. Jarirai a makonnin farko suna shan nono kusan kowace awa 2 ko 3. In aka kulle shago uwa tana waje 'ya'ya suna ciki, ko ita tana ciki su suna waje, ba sa kai labari. Saboda haka kafin a datse kwaɗo, a ga kyanwa da ido a tsakar gida. A buɗe kabad, a leƙa bayan kaya. Ba dabbar da ta kai ta son shiga akwatin da aka buɗe ana shirya tafiya.

Wani zai ce to a tafi da ita mana. Wannan kam ba mu ba da shawara ba, sai in ƙaura ce gaba ɗaya. Daga nan zuwa Sinkase fiye da kilomita 600 ne, yini guda a cikin kar, ga zafi ga ƙara. A iyaka kuma doka tana neman katin allura da takardar likitan dabbobi. Ban da haka, kare mutum yake bi, kyanwa kuwa gida take riƙewa. Ta san katangarta, ta san inuwarta, ta san ramin da take jira. Duk wanda ya taɓa tashi daga wata unguwa zuwa wata ya san yadda ake neman ta a rasa, sai bayan kwanaki a ji tana tsohon gida. Ko kai ta gidan ɗan'uwa a Agoe don a riƙe maka ba ya cika yin kyau, sai in za a tsare ta cikin ɗaki ana kula da ita kwanakin farko. Ya fi sauƙi mutum ya zo wurinta da a kai ta wurin mutum.

A Turai akwai gidajen da ake biya a ajiye kyanwa kamar otal, akwai kuma masu sana'ar zuwa gida su ciyar da ita. Duk da haka a Faransa kowace shekara, lokacin hutun bazara, dubban karnuka da kyanwoyi ake yasarwa, har a 2021 suka ƙara tsananta doka: wanda ya yasar da dabbarsa yana iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, wato sama da sefa miliyan 29. Musulmi kuma ba baƙi ba ne a wannan fage. Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya bar lambu guda a Alƙahira wakafi don ciyar da kyanwoyin gari. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ɗauke ta najasa ba, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a cikin gida. Abu Huraira ma, da 'yar kyanwa ya samu laƙabinsa.

Mu a Hanukope ba mu da otal ɗin kyanwa, kuma ba mu bukatarsa, don muna da abin da Bature yake biya ya samu, wato tsakar gida mai mutane. Abin da ya rage shi ne a yi abin da tsari. A gidajen da muka ga ana yi daidai, mai tafiya ba ya tsayawa a tsakar gida ya ce "ku duba mini mussa". Mutum ɗaya yake samu, ya kira shi, ya danƙa masa. An fi dacewa da matar da take yini a gida, ba yaro ɗan makaranta ba, ba kuma saurayin da shi ma gobe ana iya aikensa Kwatano. Akan ce, "Inna, ga amanar Allah, ga ta Annabi. Safe da yamma." Ita kuma ta ce, "Na karɓa, Allah ya kai ka lafiya." Daga nan kowa a gidan ya san wa za a tambaya. Ana barin kuɗin kifi a hannu, kuma a lissafa da ninkin kwanakin da ake zato, in tafiya ta ƙara tsawo a turo ta Flooz ko makamancinsa. In kyanwar ta ɗaki ce, to a bar mabuɗi. Wanda ba ka yarda ka ba shi mabuɗinka ba, kada ka kulle rai a bayan ƙofar. Waɗansu sukan kwashe abin da suke jin tsoro su kai ajiya wani wuri, waɗansu su fasa 'yar kafa a ƙasan ƙofa daidai jikinta. A bar lambar waya biyu, taka da ta wanda za ka sauka wurinsa, a kuma faɗa a gaban shaida cewa in an ji abin da ba a gane ba, an yarda a buɗe.

Abincin ba wuya. Ƙananan kifin nan doevi, ko kan kifi da aka dafa ba gishiri da yawa, a cuɗa da ɗan tuwo ko shinkafa. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata mata jini, madara kuma takan sa babbar kyanwa zawo, duk da abin da muka taso muna ji. Ruwa kwano biyu, a wuri biyu, cikin inuwa, a sauya kullum. Ta ɗaki a sa mata rairayi a tsohon faranti, abin da Hanukope ba ta rasa ba. In mai riƙo ta ga ba ta ci ba yini biyu, ko muzuru yana ta tsugunawa fitsari ba ya fita, sai likitan dabbobi. Kuma don Allah kada a ba ta farasitamol da nufin taimako. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

In Allah ya dawo da kai lafiya, kada ka yi mamaki in ta kalle ka ta kau da kai, ko ka tarar ta koma kwana ƙofar Inna. Kwana biyu za ta huce. Inna dai a fara kai mata tsaraba kafin kowa, turmin atamfa in tafiyar ta yi albarka, ko dabino da zamzam, ko ƙullin kilishin Maraɗi. Kilishin na Inna ne ita kaɗai, kada a gutsura wa mussa, yajinsa da tafarnuwarsa sun fi ƙarfinta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.